Tekun da Inna Ta Kawo a Jarka

A gidanmu na Janfalan, in an gama cin tuwo ba a kashe murhu. Inna, kakarmu, takan jawo tabarma ta jera masara a kan garwashi, mu kuwa mu kewaye ta kamar 'yan tsaki. Tatsuniyoyi cike da bakinta, amma mu kullum labarin jarka muke roƙo.

"To ga ta nan," in ji ta, "sai dai wannan da ƙafata na taka ta."

Wata shekara ta je Ikko wajen Kawu Sale, ɗanta direba. Kafin ta tafi, yayarta Hajo ta Gubuchi, wadda idanunta suka daina gani, ta riƙe hannunta ta ce, "Ba na son zane, ba na son turare. Teku za ki kawo mini in ɗanɗana." Inna ta yi alkawari. Ranar dawowa ta je bakin teku, ta tattare zane, ta shiga ruwa har gwiwa tana salati, ta cika 'yar jarkarta.

Suka ɗauko hanya a motar Kawu, da matarsa Balki da yara, ana waƙa ana gardama. Da rana ta take suka tsaya gindin wata bishiya, Inna ta kewaya. Balki, baiwar Allah, ta ga jarka, ta tuttule ta a kwanon garin kwaki, ta zuba sukari da ƙuli-ƙuli. Kawu ne ya fara kai loma.

A nan Inna kan tsaya ta kwaikwayi fuskarsa, mu yi ta birgima muna dariya har masara ta ƙone.

Amma a ranar ita ba ta yi dariya ba. Teku ta yi nisa, ga alkawari a wuya. A haka suka isa Lakwaja. Can a bakin ruwa, inda Kwara da Binuwai suka haɗu, ga kwale-kwale ga masu suyar kifi, Kawu ya ce, "Inna, mu ɗebi wannan mu barbaɗa gishiri mana. Wa zai sani?"

"Ni zan sani, Sale. Don ba ta gani sai in cuce ta?"

Ta tambayi wani masunci inda ruwan nan ya nufa. Ya ce teku. Sai ta cika jarka.

Da ta je Gubuchi ta zayyana wa Hajo komai, har da lomar Kawu. Sannan ta miƙa mata moɗa ta ce, "Yaya, teku ce, amma a hanya na tare ta, tun tana yarinya, kafin ta yi gishiri." Hajo ta yi dariya har da hawaye, ta shanye, ta ce a ƙaro.

"Iyakarta ke nan," Inna kan ce. "Kowa ya ɗauki masararsa."

Da muna yara, fuskar Kawu kawai muke jira. Sai da na girma, alkawura suka riƙa zubewa a hannuna a tsakiyar hanya, na gane abin da tsohuwar nan ta yi. Bara na kai iyalina Ikko, na ɗanɗani teku, na tofar. Da muka biyo ta Lakwaja na tsayar da mota, na ɗebi ruwa a tafin hannu na sha. Wallahi Hajo ce ta sha mai daɗin.