Fararen tsuntsaye biyu a rumfar Baba

Wasu shekaru can baya, wani abokina direban kamiyo, babbar motar kaya, ya kawo mini tsarabar tsuntsaye biyu daga Kotonu, 'yan mitsi-mitsin nan da ake kira mandaran. Gane jinsinsu ba wuya, namiji yana da tabo ruwan goro a kunci, mace ba ta da shi. To nawa farare ne fat, ba tabo ko ɗaya. Abokina ya rantse mace da namiji ne, ni kuwa har na fara yi wa mutanen unguwa alkawarin 'ya'ya.

Na rataye kejin a rumfar da mahaifina yake wuni. Tsohon masunci ne, yanar ido ta rufe masa gani. Tun daga lokacin muka daina shawara da shi a gidan, sai dai mu gaya masa abin da aka riga aka yi.

Kwana uku da zuwansu ya ce mini duka biyun maza ne. Wai waƙa biyu yake ji, kowace da muryarta, kuma bai taɓa sanin macen irin waɗannan tana rera waƙa ba. Na ce to, irin to ɗin da ake sallamar tsoho da ita. Na saƙa musu sheƙa, na zuba gero, na zauna jiran ƙwai wata huɗu cur. Kullum tare suke kwana, suna gyara wa juna gashi, ni kuma malamin tsuntsaye ina cewa ai ga alama nan.

Da na gaji, wata safiya na sa ɗaya a kwali na haye gada daga garinmu Gaya zuwa Malanbil, wurin wani mai sayar da tsuntsaye. Ya dubi bakinsa ja wur, ya ce namiji ne, na mace ya fi koɗewa. Ya musanya mini da mace. Na dawo Gaya da murnata, zan gaya wa Baba ashe shi ke da gaskiya.

Ban kai ga buɗe baki ba ya ce, "Wanne ka ɗauka? Mai shaƙaƙƙiyar muryar?"

Na ce ban sani ba, ni duk ɗaya nake ganinsu.

"Shi ne. Tun hantsi ɗan'uwansa ke kira, ba amsa." Sannan ya ce, "Na ce maka maza ne. Ban ce maka wani abu ya dame su ba."

Washegari na koma Malanbil, na tarar an sayar da shi.

Macen ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, na cika wa kowa alkawarinsa. Baba bai sake tayar da zancen ba har Allah Ya karɓi ransa. Na daɗe da yafe wa kaina ƙin yarda da maganarsa. Abin da har yau nake jin kunyarsa shi ne safiyar nan: na wuce ta gabansa da kwalin a hannu, na gaishe shi ya amsa, ban ce masa komai ba.