Neman sabis a tsakar gidan Iya

Malam Auwalu, daren jiya wani mafarki na yi, kuma tun da na farka ya ƙi sakina. Kai ne ka yi nisa a karatu a cikinmu, don haka ka saurara, ka riƙe dariyar nan taka sai na kai aya.

Ka san yau kwanana goma sha ɗaya a hanya. Tunda wurin aikinmu suka ce mutum ya yi aikinsa daga ko'ina muddin akwai sabis, na ɗauki mota da kwamfuta na ce bari in zaga dangi, in kuma ba idona abinci. Na yi kwanaki a Jos wajen Gwaggo Ladi, yanzu ina Bauchi gidan Kawu Sale. Abin da ban gaya maka ba shi ne, da na zauna tsara tafiyar nan sabis na bi, ba zumunci ba. Duk garin da waya ba ta kamawa na tsallake shi. Haka na tsallake Tudun Kuka, inda Iya take, kakata da ta haifi Baba, wadda rabona da ita shekara huɗu. Dangi kuwa kowa ya ɗauka can na nufa, duk gidan da na sauka sai a ba ni saƙonta. Mama ta ba ni atamfa da man zafi, Gwaggo Ladi ta ba ni rabin buhun dankalin turawa, Kawu ya ƙara da galan ɗin zuma. Kunya ta hana ni faɗin gaskiya. Niyyata in ba wani direba a tasha ya kai mata.

To, a mafarkin ina tuƙi da rana tsaka, kwamfutar tana kujerar gefe an ɗaura mata bel kamar mutum. Ana taron ofis a cikinta, kowa fuskarsa a ɗan akwatinsa, shugabar sashenmu tana ta bayani. Sai kawai na ga ruwan Assop, wanda ke zubowa daga kan dutse a hanyar Jos, a tsakiyar titi, amma maimakon ya zubo, sama yake hawa. Na tsaya zan ɗauki hoto, wayar ta ce ta cika. Na duba in goge wasu, sai na tarar duk hotunan da ke ciki nawa ne, ina zaune a falon mutane na sunkuya kan kwamfuta.

Sai kawai ga ni a Yankari, cikin ruwan ɗumin nan na Wikki har ƙirji, da rigata da hulata. Birai sun jeru a kan dakali, kowanne da abin sauraro a kunne, sun yi tsit kamar masu jiran sakamakon jarrabawa. Gwaggo Ladi tana bakin ruwa tana suyar dankali. Ta yi mini magana, na ɗaga mata yatsa ɗaya, wato ta ba ni minti ɗaya, daidai yadda na yi ta yi mata a Jos ido biyu.

Ta ce, "Ɗan nan, wannan yatsan naka ya fi ka yawan gaisuwa."

Ta kwashe dankalin da kaskon da murhun gaba ɗaya ta zuba a but ɗin motata, ta ce a kai wa Iya.

Daga nan duk inda na wuce sai an tare ni da saƙo. Kawu Sale ya ɗaura gado a saman motar. Wasu mutane da ban sani ba suka sa tunkiya a kujerar baya, suka ce ita ma ta Iya ce. Motar ta yi nauyi har tana jan ciki. Matar nan da ke magana a taswirar waya ta koma Hausa, tana cewa in yi dama a mararrabar Tudun Kuka. Na ƙi, na miƙe. Na yi tafiya mai nisa sai ga mararrabar nan ta sake dawowa, da tsamiyarta, da mai furar da ke zaune a gindinta. Sau uku ina wucewa tana dawowa. A na huɗu na saki sitiyari don haushi, motar ta karya kwana da kanta.

Sai kawai na gan ni a tsakar gidan Iya, da motar da komai, alhali zauren gidan ko jaki mai kaya sai an sauke masa yake shiga. Tana zaune a tabarma tana tsintar wake a faifai. Ta ɗago ta gan ni, fuskar nan ta washe, wushiryarta ta bayyana. Auwalu, na ji daɗin da na daɗe ban ji irinsa ba. Ka san wasanmu da ita, ni ne angonta mai rowa da ba ya cefane, ita ce amaryata da ta ƙi tsufa. Na durƙusa na ce, "Amarya, ga angonki ya zo, yau har da cefane cike da mota."

Bakinta yana motsi, tana nuna ni da yatsa, kafaɗunta suna rawa don dariya, amma ba na jin komai. Ina jin kukan tunkiya, ina jin waken yana zuba a faifai, ita kaɗai ce ba sauti. A saman kanta ga 'yar alamar nan ja da ke fitowa a taro idan mutum ya kashe muryarsa.

Na ce, "Iya, muryarki a kashe take." Na shiga neman inda zan danna. Na duba faifan, na ɗaga tabarma, na lalubi bango. Ita kuwa sai ƙara dariya take yi.

Ana haka taron ya tsaya cak, fuskar shugabarmu ta daskare baki buɗe. Hankalina ya tashi, na manta da zancen murya, na ce, "Iya, ba sabis." Ta kalle ni irin kallon da take mini ina yaro idan na ɓata takalmi. Ta cire ɗankwalinta ta naɗa gammo, ta ɗauki kwamfutar ta ɗora a ka kamar mai tallan goro. Bayan nan nata da ya daɗe da ranƙwafawa ya miƙe sarai. Ta fara zaga gida ina bin ta. Ta je bakin rijiya, babu. Ta je turken awaki, babu. Da ta isa gefen rumbu sai sabis ya cika taf. Ta tsaya nan cikin rana, hannu a ƙugu. Ni kuma na jawo turmi na hau, na shiga aiki a saman kanta.

Wannan wurin ne ya fi damuna. Aikin na yi, Auwalu, har na gama. Ina ganin gumi yana gangaro mata ta bayan kunne, ba ta motsa ba don kada sabis ya gudu. Shugabarmu ta ce, "Wa ke riƙe maka kwamfuta?" Na yi kamar ban ji ba. Iya ce ta ɗaga hannu sama ta gaishe su da kanta.

Da na rufe kwamfutar sai alamar nan ja ta ɓace. Iya ta sauke gammon, ta kama hannuna, tafinta da kaushi da ɗumi kamar yadda na san shi. Na ji ta ja numfashi za ta yi magana. Sai Kawu Sale ya buga ƙofa ya ce in tashi, an kira salla.

Bayan mun dawo daga masallaci na zauna ina ƙoƙarin tuna muryarta. Kalmominta duk ina da su, na san yadda take cewa "angona mai rowa", amma sautin ya ƙi zuwa. Ba ta da waya, balle in kira in ji. Na fita na buɗe but ɗin mota, na tarar dankalin Gwaggo ya fara tsiro.

Mararrabar Tudun Kuka tafiyar awa biyu ce daga nan, kuma yau zan bi ta wurin. Gobe da ƙarfe goma ni zan gabatar da aikin da na yi wata uku a kansa, can kuwa ko gefen rumbu ba sabis. Don Allah ka gaya mini, mene ne fassarar a ga tsohuwa da ranta tana dariya tana magana, amma ba a jin ta? Kirana take yi, ko sallama take yi mini?