Koren Zare a Hannun Abaya

A layin ofishin kwalejin 'yan mata ta Madina, Adawiyya na riƙe da takardar barin karatu, idonta na kan matar da ke gabanta. Doguwa ce, ta manyanta, yatsunta duk alli. Malama ce ke nan, ƙila daga wajen Uhudu. A bakin hannun abayarta akwai koren zare da ya koɗe. Da shi 'yan ƙungiyar ɗalibai Hausawa ke gane juna a titi, inda kowacce ke cikin baƙi, fuska a rufe. Ba a ɗinka wa kai. Yaya ce ke ɗinka wa ƙanwa.

Matar ta juyo, ta ga na Adawiyya an warware rabi. Ba ta tambayi dalili ba. Ta zaro allura daga jaka, da zarenta a jiki.

"Miƙo hannu, ƙanwata."

"Halas, ya isa haka, Yaya, na gaji."

"Ni ma sau biyu na warware nawa a shekarar tamanin da bakwai. Tsaya, kar in soke ki."

"Ta gaba!" in ji ma'aikaciyar ofis.

Hannun da ke riƙe da takardar kuwa yana hannun matar, ita kuma ba sauri take yi da ɗinkin ba.