Lahadin da Ruwa Ya Zo Gidan Ayuba

Daga Zariya zuwa Kura

'Yan'uwa na ikkilisiya sun ce in ba da labarin tafiyarmu ƙasar Kano. Ni ba mai yawan magana ba ne, amma ga shi yadda aka yi.

Ranar Asabar muka tashi tun kafin kiran assalatu, ni da Malam Bulus, a tsohuwar fijo ta mishan. Ni ne direba. Malam Bulus Bature ne, ya baro ƙasarsu da daɗewa don aikin bishara. Yana jin Hausa, sai dai ta hanci take fita. Mutanen Gidan Ayuba ne suka gayyace shi wa'azin Lahadi. Unguwa ce ta Kirista, 'yar ƙarama, tsakanin Kura da Bunkure, kuma can yayata Ladi take aure.

A Kwanar Dangora sojoji suka tsare mu. Wani kofur ya ce in buɗe but. Da ya ga ina jan ƙafa ya tambaye ni dalili, na ce yaƙin basasa. Ya rufe but ɗin da kansa. Malam Bulus ya miƙa masa goro, ya karɓa yana dariya, wai yau ya ga Bature mai goro a aljihu.

Daga Garun Malam ƙasa ta canja. Rani ne, amma hagu da dama kore shar, alkama da albasa da tumatir. A Kura muka sha koko da ƙosai, muka saki kwalta, muka bi bakin kanal, wato hanyar ruwan da aka jawo daga Tiga.

Gidan Ayuba

Malam Bulus ba ya sauka a gari bai gai da masu gari ba. Muka fara zauren mai unguwa, daga nan gidan Malam Sani, mai makarantar allo, wanda lambunsa ke jikin na mutanenmu. Malam Bulus ya cire takalmi, ya zauna a tabarma, suka yi ta gaisuwa har da tambayar awaki.

Baba Ayuba, dattijon ikkilisiya, ya yanka mana zakara. Ana cikin ci Yaya Ladi ta yafito ni bayan rumbu. Ta ce ruwan kanal ɗin nan bi da bi ake ba da shi, kowane yanki da ranarsa. Wancan makon kanal ya fashe, ba su samu ba. Yanzu an aiko cewa gobe da safe za a sakar musu, azahar a rufe. Tumatir yana fure. In ya sake rasa ruwa furen zai zube, noman ranin bana ya tafi.

Na ce a gaya wa Bature a ɗaga sujada zuwa yamma. Ta ce Baba ya hana.

Na sami Baba Ayuba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Dauda, mutum ya ƙetaro teku don Ubangiji, mu kuma mu ce ya jira tumatir? Baƙo ba a tarbarsa da damuwa. Ka riƙe bakinka."

Na riƙe.

Lahadi

Majami'ar ɗaki ne na jar ƙasa da rufin kwano. Ta cika. Mata suka yi waƙa da tulu da caki, aka yi addu'a, Malam Bulus ya miƙe. A kan haƙuri ya yi wa'azi. Ta taga ina jin ruwa yana gudu a kanal. Maza suna cewa amin, amma idonsu na ƙofa. Baba Ayuba kaɗai bai waiwaya ba, gumi dai yana bin wuyansa.

Hantsi ya ɗaga sai ga Malam Sani a bakin ƙofa, wando naɗe, laka har gwiwa. Bai shigo ba, ya tsaya yana jira a gama. Malam Bulus ya gan shi, ya dakata, ya tambaya ko lafiya.

Malam Sani ya ce a gafarce shi, bai so katse ibada ba. Shi da 'ya'yansa sun ba lambu biyu na mutanenmu ruwa, domin ran Juma'a mutanen nan ne ke duba masa nasa in ya tafi masallaci. Amma lambunan da yawa, hannu bai isa ba, rana kuma tana tafiya.

Malam Bulus ya juya wajen Baba Ayuba. Baba ya sunkuyar da kai.

"Baba, ashe tun ɗazu ina koya wa masu haƙuri haƙuri. Wa'azi ba ya bushewa in an ajiye shi. Mu je."

Ya riga kowa fita.

Bakin kanal

Ga yadda suke ban ruwa. Tiyo ne na roba, lanƙwasasshe. A nutsa shi cikin kanal ya cika, a toshe baki ɗaya da tafin hannu, a ƙetaro da shi kan gaɓa a saki, sai ruwa ya bi kwari da kansa. Malam Bulus ya gwada, iska ta fito. Ya sake, ruwan ya watso masa a fuska. Na uku santsi ya kwashe shi, ya zauna daɓas cikin laka da farar rigarsa ta Lahadi.

Sai Malam Sani ya ce, "To, Malam, yau ka zama ɗan gari, ƙasarmu ta kama ka." Dariya ta ɓarke, ta Bature ta fi ta kowa. Yaya Ladi ta ce da shi ya bar wa masu abu abinsu, ya ɗauki fartanya. Ya ɗauka, ya bi Baba Ayuba suna buɗe kunya suna toshewa. Ni ƙafata ba ta son laka, tiyo na yi ta kai musu.

Mata suka ɗauko waƙar da aka bari a majami'a, ana aiki ana amsawa. Inuwa ta dawo ƙarƙashin ƙafa muna kan lambun ƙarshe, na wata gwauruwa. Ruwa ya kai ƙarshen kwarinta kafin ya fara janyewa.

A gindin mangwaro aka ƙarasa sujada, kowa da lakarsa. Malam Sani ya tafi sallar azahar, ya dawo da ƙwaryar fura. Baba Ayuba ya fara ba baƙo haƙuri, Malam Bulus ya ce in dai har yanzu ana ɓoye masa damuwa, to ba a ɗauke shi ɗan'uwa ba tukuna. Baba ya ce ya ji. Ya ƙara da cewa tunda haka ne, ranar tsinkar tumatir ma akwai aiki.

Komawa gida

Litinin da sassafe muka kamo hanya. Mun bi ta lambu, ganyen da ya yi laushi ya miƙe, furen yana nan a jiki. Malam Bulus cikin rigar aro ta Baba Ayuba ya dawo, ta tsaya masa a gwiwa, matarsa ta daɗe tana kallonsa a ƙofa kafin ta ce sannu da zuwa. Mun iso Zariya kafin azahar, mota ba ta yi ko tari ba.

Bayan 'yan makonni Yaya Ladi ta aiko cewa tumatir ya yi 'ya'ya har kwanduna sun kasa. Mun gode wa mutanen Gidan Ayuba, mun gode wa Malam Sani da gidansa. Godiya mafi girma ga Ubangiji da ya kai mu ya dawo da mu lafiya.