Minti Goma Sha Huɗu Na Shiru A Layinmu

Ku matso kusa in ba ku labarin abin da har in koma ga Allah ba zan manta da shi ba. Ni ba mai yawo ba ce. Shekara ashirin da wani abu ina zaune a gida ɗaya a Doka, nan Kaduna, in kun gan ni a waje to biki ne ko rasuwa ko asibiti. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba. Amma Allah ya ba ni kunne. Ina kicin nake gane ƙarar motar maigidana tun daga bakin titi, kuma in shinkafa za ta kama, kunnena ne yake fara faɗa min kafin hanci.

'Yata ta biyu tana kaɗa goge. Ba irin namu na ƙwarya mai tsirkiya ɗaya ba, na Turawa, mai tsirkiya huɗu, wanda ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa. A sakandare ta fara, wajen wani tsohon soja da ya yi aikin badujala, ya yi ritaya yake koya wa yara. Babanta ma'aikacin gwamnati ne, bai hana ba, ya dai ce abin ya tsaya a cikin gida. Ni kuwa kunya ce ta ishe ni, don kun san irin kallon da ake yi wa mai goge a wajenmu. Da ta ɗauko shi sai in rufe tagogi. Duk wadda ta tambaye ni sai in ce rediyo ne. Shekara takwas ina wannan ƙarya, har na fara jin kamar gaskiya ce.

Wata ranar Asabar malamin nata ya zo da takardu, ya zauna a falo yana ba mu labarin wata gasa da ake yi a ƙasar Turai. Ya ce gasar ta girmi 'yancin kan ƙasar nan, ba kuma duk shekara ake yin ta ba, sai an ɗauki shekaru. Makaɗa daga kowace kusurwar duniya suke nema, kaɗan ake kira. Alƙalan tsofaffin gwanaye ne, wasunsu su ma ta nan suka bi suna samari. Ya ce akwai lokutan da aka gama gasar aka ƙi ba kowa na ɗaya, saboda alƙalan sun ce ba wanda ya kai. Wannan ne ya tsaya min a rai. Na ce lallai mutanen nan ba su san a yi haƙuri ba. Wanda ya ci kuwa, ana buɗe akwati a miƙa masa wani tsohon goge da ya yi shekaru ɗaruruwa, ya kaɗa a gaban jama'a, daga ranar kuma sunansa ya shiga duniya. Yana faɗa muryarsa tana rawa, babban mutum da furfura. Na kalli 'yata, na ga ta ƙanƙame hannun kujera. A nan na san magana ta ƙare.

Matakin farko ba sai an je ba. Bidiyo za a ɗauka a tura ta intanet, kiɗa na minti goma sha huɗu, ita kaɗai. Sharaɗin shi ne a ɗauka a tashi ɗaya, ba yankewa, ba gyara, kuma kada a ji komai sai gogen. Na yi dariya da na ji haka. Shiru a layinmu? Akwai mai injin markaɗe a kwana, akwai shagon cajin waya da janaretonsa, ga masu kurar ruwa, ga 'yan gwangwan da kiransu, ga hon ɗin masu Keke da suke yanke hanya ta wajenmu in titin Kawo ya cushe. Malamin ya gwada su je wani ɗakin taro, amsa-kuwwa ta ɓata sautin. Ya kawo shawarar a yi lokacin sallar Juma'a, tunda gari yana yin tsit. Na ce masa a'a, ba a gidana ba. Bai sake tayar da maganar ba.

Sati biyu suna fama a falona. Ni ina kicin, amma na haddace kiɗan nan tsaf, ko sunansa ban sani ba. Na raɗa wa kowane wuri nawa sunan. Akwai wurin rarrashi, akwai wurin faɗa, akwai kuma wani can kusa da ƙarshe da nake kira hawan tsani, inda sautin yake hawa yana sirancewa. A nan ƙaramin yatsanta yake zamewa. Wani lokaci ma malamin bai ji ba, ni na ji, sai in leƙo in ce, "An zame a tsani." Ya kalle ni, ya mayar da bidiyon baya, ya girgiza kai ya ce Hajiya ta fi shi kunne.

Ranar Alhamis za a rufe karɓa. Ranar Litinin da hantsi sai Allah ya kawo wani shiru da ba mu nema ba. Injin markaɗe ya lalace, ga wuta an kawo. Ta fara. Tun daga rarrashi na san yau daban ce, har na ajiye wuƙa na daina yankan albasa. Ta wuce faɗa, ta hau tsani ba ta zame ba. Saura bai fi minti ɗaya ba, sai na ji ƙofar gida ta motsa, Iya, tsohuwar da muke katanga ɗaya da ita, ta dawo min da rariya.

"Salamu alaikum, masu gida!"

Wallahi ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Da ƙarfi, yadda uwata ta koya min, na ce, "Amin wa alaikumus salam, Iya, shigo mana!"

Kiɗan ya tsaya.  Na shiga falo na same ta ta sauke gogen, kan yatsunta sun yi ja sun tsage. Ba ta yi kuka ba, kuma da ma ta yi. Cewa kawai ta yi, "Ba komai, Umma, sallama ce, dole a amsa." Malamin ya naɗe wayoyinsa.

Na koma kicin na zauna a kan turmi. Na ga cewa ba sallamar Iya ce ta ɓata aikin ba. Da Iya ta san abin da ake yi, da ba ta shigo ba. Ni ce na rufe taga shekara takwas, sannan ina so mutane su yi wa abin da ban gaya musu ba shiru. Bayan La'asar na yi wanka, na ɗauko mayafin da nake zuwa biki da shi, na zuba goro da alewa a leda kamar mai rabon gayyatar ɗaurin aure. Maigida ya tambaye ni ina zuwa, na gaya masa. Sai ya ce in gaishe su.

Gidan Iya na fara shiga. Na durƙusa, na yi ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe na ce mata abin da take ji a gidana ba rediyo ba ne. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ke 'yar nan, wane irin rediyo ne kullum yake kuskure a wuri ɗaya? Ai tun tana sa shi kukan mage muke ji. Mun dai bar ki da rediyonki ne."

Haka na bi gida goma sha ɗaya, ina roƙon a yi mana shiru ranar Laraba da ƙarfe sha ɗaya na safe. Ba gidan da ba su sani ba. Wasu sun karɓi goron da murna, wata ta taɓe baki ta ce ita dai ba za ta bar 'yarta ba, amma za ta kulle awakinta. Mai cajin waya ya yarda nan take. Mai injin ne ya ba ni wahala, ya ce an gyara injin, kuma ƙarfe sha ɗaya shi ne lokacin da mata suke kawo markaɗen miyar rana, ba zai kore su ba. Ban yi musu da shi ba. Na sake zagayawa gidajen, na roƙi kowace mace ta aika da markaɗenta kafin ƙarfe goma ranar Laraba. Ni da ƙafata ba ta saba fita ba, sai da na taka layin nan sau biyu a yini ɗaya.

Ranar Laraba yara suka tafi makaranta, maza suka tafi ofis. Na kashe firij, na cire agogon bango. Iya ta kife zakaranta da kwando, ta ɗauki benci ta zauna a bakin layi tana juya masu talla da sandarta. Ni kuma na shimfiɗa tabarma a ƙofar gida daga waje, don duk mai sallama ya same ni kafin ya buɗe baki. Sha ɗaya daidai injin ya mutu. Ban taɓa jin layinmu haka ba, har motsin ganyen mangwaro ina ji.

Ta fara. Rarrashi ya wuce lafiya, faɗa ya wuce. Tana dab da tsani sai na hango farar babbar riga ta shawo kwana. Yayan maigidana ne daga Katabu, mutumin da duk dangi ba mai katse masa magana, kuma shi ne wanda na fi tsoron ya sani. Iya ta ɗaga masa sanda, ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga mata hannu ya wuce. Na ga ya gyara murya zai yi sallama. Na tashi ba takalmi, na tare shi a tsakiyar hanya, na zube a gabansa, na ɗora yatsa a bakina. Cikin raɗa na ce, "Yaya, na amsa tun kafin ka yi. Don Allah minti biyu."

Ya zare min ido. Ban kauce ba. Muna nan, shi a tsaye cikin rana ni a durƙushe, sautin ya fito ta tagar da na bari a buɗe, yana hawa, yana sirancewa. Ta haye tsanin ba ta zame ba. Ta ja na ƙarshe, ya yi tsawo, ya narke. Ba wanda ya motsa sai da malamin ya leƙo ya ce ya kashe kyamara. Iya ta rangaɗa guɗa daga bakin layi, mai injin ya tayar da injinsa kamar da ma yana riƙe da igiyar.

Yaya ya ce shi bai yarda da abin nan ba, kuma ba zai yarda ba, amma tun da aka kawo ni gidan bai taɓa ganin na tare wani ba. Sannan ya yi sallamarsa cikakkiya, na amsa masa cikakkiya, ya ce a ba shi ruwa.

An tura bidiyon a ranar. Bayan wata biyu amsa ta zo, ba a kira ta ba. Ta yi kwana biyu ba ta taɓa gogen ba. A rana ta uku ina wanke-wanke na ji ta ɗauko shi, kuma daga tsani ta fara. Na je na buɗe tagogin duka. Gasar za ta sake zagayowa, shekarunta ba su wuce ba, kuma na riga na gaya wa mai injin ya kwana da shiri.

Abin da na koya shi ne, abin da ka ɓoye wa mutane ba za su iya taya ka ɗaukarsa ba, kuma sau da yawa sun riga sun sani, jira suke ka buɗe baki. Ni shekara takwas da sallama ɗaya ya ci min kafin in gane. Ku fa, mene ne a gidanku da har yau kuke ce wa maƙwabta rediyo ne?