Malam Dogara, direban da ya san kifin teku

Kullum da sassafe a Al Wukair ta ƙasar Qatar, Malam Dogara kan goge mota, ya ɗauraye hannu sosai, sannan ya tsuguna gaban akwatin gilashin kifi da ke falon Dakta Haulatu. Ya auna gishirin ruwan, ya duba wa ya ci abinci, wa ya laɓe yana fushi. Shekara goma sha bakwai ke nan, jama'a!

Tuƙi aka ɗauko shi ya yi. Amma ɗan masuntan Yawuri ne, ko da yake tarwaɗa da giwan ruwa kaɗai ya sani. Duk Juma'a sai ya tafi Corniche, bakin tekun Doha, wurin masu jiragen katako, ya ishe su da tambaya, har ya gane wane kifi ke zama lafiya a gida, wane ne ke cinye maƙwabtansa.

Ran nan maigidan, Injiniya Munzali, ya dawo daga bakin teku da bokiti, ya kwaso duwatsu da ɓawon katantanwa don ƙawata akwatin. Mahaifiyarsa, Hajiya Atine, ta naɗe hannun riga.

"Miƙo in wanke, wannan babban duk ƙazanta ne."

Dogara ya leƙa. "Hajiya, don Allah janye hannunki! Dutsen nan numfashi yake yi."

"Kai Dogara, tsufa ya fara taɓa ka ne?" in ji Hajiya.

Ya zungure shi da sanda. Sai ga dutse ya buɗe ido, ya miƙe ƙayoyi reras a gadon baya! Ashe kifi ne. Hajiya ta yi salati ta zauna daɓas. Dakta ta ce dafin kifin nan, da ya soke ta, sai gadon asibiti, hannun ma sai an yi da gaske.

"Khalas, shi ke nan, a kashe shi!" in ji Injiniya.

"Haba Yallaɓai, ai ba shi ya gayyato kansa ba." Ya mayar da shi teku, nesa da masu wanka.

Dogara, kai ne mai ido a ruwa, kai ne ba ka raina rai ko na mummunan kifi. Wata mai zuwa za ka koma gida. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Samarinmu na Doha, ku riƙe aikinku yadda ya riƙe nasa. Hajiya kuwa tana can tana daka masa yajin guzuri, ta hana kowa taɓa taɓaryar.