Kukan Motar Kawu Sale

Kano zuwa Madina

Tun kafin kiran assalatu na bar gida, a filin jirgi na yi salla. Ni bakanike ne, tsofaffin motoci nake gyarawa. Faisal, ɗan kawuna, shi ya aiko min da tikiti. Haifaffen Madina ne, yana jin Hausa amma rabin amsarsa Larabci ce. A waya ya yi min maganar babansa, ya ce, "Abuya kullum maganar motarsa, kuka, kuka. Zo ka yi mata magani."

Bayan la'asar muka sauka. Na'urar ɗaukar yatsa ta ƙi ni ƙememe, baƙin mai ya cinye zanen hannuna, sai da jami'in ya gaji ya buga min hatimi.

Aƙiƙ

Na sami Kawu Sale a tsakar gidansa a unguwar Aƙiƙ, idanunsa sun tafi gaba ɗaya. Motar tana rumfa a lulluɓe: ja, mai kujera biyu, ƙirar Ingila, ta girme ni. Tun da ya makance ba a tayar da ita ba.

Ya laluba hannuna. "Habu, Faisal ya gaya maka?"

"Ya gaya min, Kawu. Maganar kukan."

"Yauwa! Kukan nan fa, shi kaɗai."

Na ce ya kwantar da hankalinsa. Kaico, da na ƙara masa tambaya ɗaya tak!

Sultana

Washegari muka ja ta zuwa warsha, wato gareji, ta wani mutumin Cadi a unguwar Sultana. Injin ya sha zama. Mai shagon kayan mota ya dage sai na ɗauki kafireto na zamani. Na ce Allah ya kiyaye, wa ke sa wa dattijo wandon yara? Nata biyun na asali na kwance na wanke, ringi da filogi kawai na sake. Ful da tamis, wato wake da burodinsu, muka ci a tsaye, motar ta tashi kafin magariba.

Hanyar Badar

Nan na fita gwaji, Faisal a gefena. Muna ɗaukar gudu sai ga shi daga baya, wani dogon "wuuu" kamar iska a bakin kwalba. Na hau kwalta mai laushi, na hau mai gargada, bai sauya ba: ba taya ba ce. Na sha kwana dama da hagu, yana nan yadda yake: ba boris ba ne. Na saki totur, shiru. Na taka, ya dawo.

Na ce, "Haƙoran giyar aksul ɗin baya ne suka cinye."

Faisal ya ce, "Halas, shi ke nan, cire su."

A tashlih, inda ake kwance matattun motoci, muka samo masu lafiya. Na ɗaura, na jefa tsofaffin a tarin ƙarafan warsha. Wallahi har daɗi nake ji.

Ƙofar gida

Ranar da muka gama, Kawu ya sa aka fito masa da kujera ƙofar gida tun la'asar. Muka shawo kwanar layin, muka tsaya a gabansa. Bai motsa ba, kunnensa yana can bakin titi.

"Kawu, ga mu."

"Ina motar?"

"Ga ta gabanka. Kukan ya tafi."

Ya juyo da fuskarsa wajena. Sannan ya ce, "Habu, ji nake so in yi. Matata marigayiya Hajara tun daga kwanar can take jin kukan nan ta ɗora min shayi. Kullum ni ne a ciki, ban taɓa jin abin da take ji daga nan ba. Cewa na yi a tayar da ita in ji kukanta."

Faisal ya riƙe kai. "Abuya, kuka ba ciwo ba ne?"

Yaron nan kukan hawaye kaɗai ya sani. Shi yana da uzuri. Ni fa, da na tashi a Kurna ina jin kukan zakara da kukan inji?

A guje muka koma Sultana. Masu kwasar ƙarfe sun riga mu, tarin ya tafi narkarwa. Na koma tashlih na samo wasu cinyayyun haƙoran na ɗaura. Ta yi kuka kuwa. Kawu ya saurara har muka tsaya, ya girgiza kai.

"Wannan ta wani ce. Mayar da masu lafiyar, Allah ya yi maka albarka."

Albarkar nan ta fi zagi yi min ciwo.

Gida

Na yi sallama da Masallacin Annabi, na hau jirgi da dabino da Kawu ya sa aka ɗaure min. Na iso Kano lafiya, godiya ga Allah, godiya ga Faisal da mutanen warsha da suka riƙe ni kamar nasu. Maƙwabta sun cika gida suna tambaya ko motar ta gyaru. Na ce musu ta gyaru sarai, ko ƙis ba ta yi.